An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙananan 'Yan Takara a Zaɓen Shugaban Amurka

A ƙarshen shekarar 2000, bayan an shafe makonni biyar ana ƙidaya ana sake ƙidaya, lauyoyi suna zarya tsakanin kotuna, ƙuri'u 537 kacal ne suka raba George W. Bush na jam'iyyar Republican da Al Gore na jam'iyyar Democrat a jihar Florida, kuma da wannan ɗan rata Bush ya zama shugaban Amurka. A wannan jihar, Ralph Nader na ƙaramar jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli ya samu ƙuri'u 97,488. Tun daga ranar 'yan jam'iyyar Democrat ba su yafe masa ba. A wurinsu Nader ɗan a-fasa-kowa-ya-rasa ne, wanda ya san ba zai ci ba amma ya tsaya don ya kayar da na kusa da shi, har wasu suna ɗora masa alhakin yaƙin Iraƙi da Bush ya ƙaddamar shekaru uku bayan haka. Irin wannan zargi yana dawowa kusan duk bayan shekara huɗu, sunan wanda ake tsine wa ne kawai yake sauyawa. A ganina, an bar jaki ana dukan taiki, domin matsalar tana cikin ka'idar ƙidayar ƙuri'a wadda manyan jam'iyyun biyu suke da ikon gyarawa amma suka ƙi, saboda ita ce take ciyar da su.

Kafin a yanke wa Nader hukunci, akwai abubuwan da masu zarginsa ba su cika son tunawa ba. Gore ya faɗi a jiharsa ta Tennessee, wadda ya wakilta a majalisar dokoki shekara da shekaru, kuma da ya ci ta, da Florida ba ta zama abin magana ba. A gundumar Palm Beach, an tsara takardar zaɓe ta yadda sunaye suka fuskanci juna daga hagu da dama, ramukan hudawa suna jere a tsakiya, sai tsofaffi da dama suka huda wa Pat Buchanan alhali Gore suke nufi, har shi kansa Buchanan ya yarda cewa yawancin ƙuri'un nan sama da 3,000 ba nasa ba ne. Bugu da ƙari, hatta 'yan takarar ƙananan jam'iyyun gurguzu da ba kowa ya san sunansu ba sun samu fiye da ƙuri'u 537 kowannensu a Florida. Idan rata ta kai wannan ƙanƙanta, duk wanda aka nuna da yatsa zai iya zama mai laifi. Abin da ya fi damuna a cikin zargin shi ne tunanin da ke ƙarƙashinsa, wato cewa ƙuri'ar mai ra'ayin kare muhalli ko ta ma'aikaci mallakin jam'iyyar Democrat ce tun asali, wanda ya kai ta wani wuri ya yi sata. Mai ƙuri'a ba bawan jam'iyya ba ne. Nemansa ake yi a shawo kansa.

Tushen lamarin shi ne, Amurkawa ba sa zaɓen shugabansu kai tsaye. Kowace jiha tana da adadin wakilan masu zaɓe daidai da yawan 'yan majalisunta na tarayya, birnin Washington kuma yana da uku, jimillarsu 538, kuma sai ɗan takara ya tara 270 kafin ya yi nasara. A jihohi 48 da birnin Washington, wanda ya zo na ɗaya, ko da ratar ƙuri'a guda ce, shi yake kwashe wakilan jihar baki ɗaya. Maine da Nebraska ne kaɗai suke raba wasu daga cikin nasu bisa mazaɓu. Ba a zuwa zagaye na biyu, kuma na biyu da na uku ba su da ko ladan gabe. Masanin siyasa ɗan Faransa, Maurice Duverger, ya lura tun a shekarun 1950 cewa duk inda ake zaɓe zagaye ɗaya kuma na ɗaya ya kwashe komai, a ƙarshe jam'iyyu biyu ne suke ragewa a fagen, domin masu zaɓe suna gudun zubar da ƙuri'arsu a rariya, masu kuɗi kuma ba sa zuba dukiyarsu a dokin da suka san ba zai kai ba.

Babu wanda ya ɗanɗana ɗacin wannan ka'ida kamar Ross Perot, attajirin Texas da ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa a 1992. Mutumin ya sayi rabin sa'a cur a gidajen talabijin da kuɗin aljihunsa, ya zauna da alluna da sanda yana nuna wa Amurkawa yadda bashin ƙasarsu yake hauhawa, kamar malamin firamare a gaban aji, kuma miliyoyi suka zauna suka kalla. Ya samu kusan ƙuri'u miliyan 20, wato kashi 19 cikin ɗari, amma bai samu wakili ko ɗaya ba cikin 538. A gwada shi da George Wallace, tsohon gwamnan Alabama da ya tsaya a 1968 yana kare wariyar launin fata: kashi 13.5 cikin ɗari ya samu, ƙasa da na Perot, amma ya ci jihohi biyar na kudu da wakilai 46. Ma'ana, tsarin yana saka wa wanda ya tara magoya bayansa a yanki guda, ko da kuwa a kan ƙiyayya ya tara su, yana kuma hukunta wanda saƙonsa ya karɓu daidai wa daida a faɗin ƙasa. Tun daga Wallace, babu wani ɗan takara na uku da ya sake cin jiha ko guda. Ko Theodore Roosevelt, wanda ya riga ya yi shugabancin ƙasar, da ya ɓalle ya kafa jam'iyyarsa a 1912, iyakar abin da ya iya shi ne zuwa na biyu da wakilai 88, ya raba ƙuri'un Republican, Woodrow Wilson ya wuce da kusan kashi 42 cikin ɗari.

Wannan ka'ida kaɗai ta isa ta durƙusar da ƙaramin ɗan takara, amma manyan jam'iyyun ba su tsaya nan ba. Kowace jiha ita take tsara sharuɗɗan sanya suna a takardar zaɓe, kuma 'yan majalisun da suke rubuta waɗannan sharuɗɗa 'yan jam'iyyun biyu ne. A zaɓen 2024, mai zaman kansa yana bukatar sa hannun mutum sama da 200,000 a California, da sama da 100,000 a Texas cikin 'yan makonni. Sai ka ga matashi tsaye a ƙofar babban kanti da allon rubutu da biro, yana tare masu shiga da fita yana roƙon sa hannu, bayan ya sha rana ya tara, lauyoyin babbar jam'iyya su zauna su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda ya sauya gida ko ya rubuta adireshi ba daidai ba, don kotu ta soke takardar. Kuɗin da ya kamata a kashe wajen yaƙin neman zaɓe a nan yake ƙarewa. Tallafin gwamnatin tarayya kuwa sai jam'iyya ta samu kashi 5 cikin ɗari a zaɓen da ya gabata, abin da Nader ya nema a 2000 ya tsaya a ƙasa da kashi 3.

Sai batun muhawara. Hukumar da ta riƙa shirya muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, jam'iyyun biyu ne suka haɗu suka kafa ta a 1987, kuma daga 2000 ta gindaya cewa sai mutum ya kai kashi 15 cikin ɗari a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a kafin a ba shi kujera. Perot ya shiga muhawara a 1992, an hana shi a 1996, ƙuri'unsa suka faɗo zuwa kashi 8. A 2024, ko da aka yi watsi da hukumar aka koma hannun gidajen talabijin, an riƙe sharaɗin kashi 15 ɗin, shi ya sa Robert F. Kennedy ƙarami bai hau dandali ba a watan Yuni, kuma a watan Agusta ya janye ya mara wa Donald Trump baya. An ce wa mutum sai an san shi za a nuna shi, alhali nunawar ce hanyar da za a san shi.

Duk da haka, ba zan yi musun cewa raba ƙuri'a abu ne na gaske ba, kuma duk wanda ya ce ba shi da tasiri bai duba lissafi ba. A 2016 Trump ya ci Michigan da ratar ƙuri'u 10,704, Jill Stein ta jam'iyyar Green kuwa ta samu sama da 51,000 a can, kuma a Wisconsin da Pennsylvania ma ƙuri'unta sun zarce ratar da aka kayar da Hillary Clinton da ita. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa duk waɗannan mutane da Clinton za su zaɓa, domin da yawansu da gida za su zauna, amma mai zaɓe a jihar da ake kankankan ya kamata ya san nauyin abin da ke hannunsa. Manyan jam'iyyun ma sun san haka, shi ya sa kowacce take taimaka wa ƙaramin ɗan takarar da zai yagi ƙuri'un abokiyar hamayyarta a ɓoye, tana kuma maka wanda zai yagi nata a kotu. Wanda yake amfani da ɓaraka a matsayin makami ba shi da bakin yin kuka ranar da ta juyo kansa.

Akwai kuma lokacin da mai zaɓe yake sane sarai da abin da yake yi. A Dearborn ta jihar Michigan, birnin da Larabawa da Musulmi suke da yawa, fushin yaƙin Gaza ya sa Stein ta samu kusan kashi 18 cikin ɗari a 2024, a wurin da Democrat ta saba lashewa ba tare da gumi ba. Waɗannan mutane sun riga sun yi gargaɗi tun a zaɓen fid da gwani na watan Fabrairu, inda sama da 100,000 a jihar suka ƙi zaɓen Joe Biden suka kaɗa ƙuri'ar rashin goyon bayan kowa. Ana iya jayayya a kan ko shawararsu ta haifa musu ɗa mai ido, amma kiran su masu ɓarna rashin adalci ne, tunda sun faɗi bukatarsu a fili ba a saurare su ba. A tarihi ma amfanin ƙananan jam'iyyu ke nan. Jam'iyyar manoma ta Populist da ta samu ƙuri'u sama da miliyan ɗaya a 1892 ba ta daɗe ba, amma harajin da yake ƙaruwa da ƙaruwar samun mutum da zaɓen sanatoci kai tsaye, waɗanda ta yi ta kira a kansu, tsarin mulki ya buɗe musu ƙofa a 1913. Gibin kasafin kuɗin da Perot ya yi ta nunawa da sandarsa ya zama babban batun gwamnatin Bill Clinton, har kasafin ya koma rara a 1998.

Su ma ƙananan jam'iyyun suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma yawancinsu ba a jin ɗuriyarsu sai shekarar zaɓen shugaban ƙasa, ba su da gwamna, ba su da sanata, ba su da rinjaye a majalisar jiha ko ɗaya, sannan suna neman kujera mafi girma a ƙasar. Jam'iyyar Republican da aka kafa a 1854 ta kai Abraham Lincoln ga nasara a zaɓen shugaban ƙasa na 1860 ne bayan ta cika majalisu da gidajen gwamnoni a arewacin ƙasar, kuma bayan jam'iyyar Whig, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu na wancan lokacin, ta wargaje a kan batun bauta. Gurbin mamaciya ta shiga, jam'iyyun suka sake komawa biyu. Waɗanda suka fahimci tsarin a zamaninmu ta cikin gida suka bi. Bernie Sanders, sanata mai zaman kansa daga Vermont, a zaɓen fid da gwanin Democrat ya tsaya a 2016 da 2020, kuma ya ja jam'iyyar zuwa ga ra'ayoyinsa. Trump, wanda ya taɓa gwada sa'arsa a jam'iyyar Reform ta Perot a 2000 ya watsar, shiga Republican ya yi ya ƙwace ta daga hannun masu ita.

Mai karatu a Najeriya ba baƙon wannan gardama ba ne, domin bayan zaɓen 2023 an yi ta lissafin abin da zai faru da ƙuri'un Peter Obi sama da miliyan 6 da na Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi sun haɗu da na Atiku Abubakar, a zaɓen da Bola Tinubu ya ci da ƙasa da kashi 37 cikin ɗari. Bambancin shi ne tsarin mulkin Najeriya bai ma yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Faransa tana zuwa zagaye na biyu, yadda mutum zai zaɓi wanda yake so a karon farko, ya zaɓi wanda zai iya haƙuri da shi a karo na biyu. A cikin Amurka kanta, Maine ta fara amfani da tsarin jera 'yan takara bisa fifiko a zaɓen shugaban ƙasa na 2020, Alaska ta bi sahu: mai zaɓe yana rubuta na ɗaya, na biyu, na uku, idan gwaninsa ya zo na ƙarshe sai ƙuri'arsa ta koma kan zaɓinsa na gaba. Da haka ake yi a Florida a 2000, da mai son Nader ya sa shi a gaba ya sa Gore a baya, ba wanda zai kira shi maci amana. Wannan gyara ba ya bukatar taɓa tsarin mulkin tarayya, majalisar kowace jiha tana iya yin sa. Sai dai ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba: a 2024 masu zaɓe a Colorado da Idaho da Nevada da Oregon sun ƙi amincewa da shi, a Alaska kuma da ratar ƙasa da ƙuri'u dubu ɗaya ya tsira daga sokewa. Majalisun wasu jihohi sun ma wuce nan, sun kafa dokar haramta shi gaba ɗaya, kuma jihohi biyun da suka fara yin haka a 2022 su ne Tennessee da Florida.