IELTS: Rubutu ne ke kayar da mutane, ba Turancin baki ba

Ƙorafin da aka fi ji shi ne, ta yaya ɗan Najeriya da ya yi karatu da Turanci tun daga firamare har jami'a za a ce sai ya biya kuɗi ya rubuta IELTS, jarrabawar gwada Turanci da ake nema daga masu son karatu ko aiki a waje, don ya tabbatar ya iya harshen? Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Sai dai Birtaniya ba ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta ɗauke wa wannan sharaɗi ba, kuma mai son tafiya bana ba zai zauna jiran a sauya doka ba.

Jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, makin kowanne daga 0 zuwa 9. Hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya a Birtaniya tana neman 7 a kashi uku, amma ta yarda da 6.5 a rubutu. Wannan rangwame na rabin maki kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa.

Awa ɗaya ake bayarwa a rubutu, aiki biyu. Na farko kalma 150 aƙalla, na biyu 250, kuma makin na biyu ya ninka na farko. Sai ka ga mutum ya cinye minti 35 yana bayanin jadawali, sannan ya faɗa wa maƙala a gurguje. Minti 20 ne rabon na farko, 40 na biyu. Ga kuma ɗabi'ar da muka taso da ita a makaranta: dogon share fage, manyan kalmomi, da jimlolin hadda da ake liƙa wa kowace tambaya. Mai duba takarda ya ga irinsu har ya gaji. Abu huɗu yake aunawa: ko ka amsa abin da aka tambaya, ko maganarka na bin juna, yawan kalmomin da ka iya sarrafawa, da nahawu. Idan an ce ka tattauna ra'ayi biyu sannan ka faɗi naka, ka tsaya kan ɗaya, maki ya zube ko da Turancinka ya fi na Bature. Maganinsa shi ne rubutu da agogo a gaba, a kai wa wanda ya san ma'aunin ya gyara da jan biro.

Wasu kuwa tun wajen rajista suke tafka asara, don jarrabawar nau'i biyu ce. Jami'o'i da NMC nau'in Academic suke so, shirin Express Entry na masu son ƙaura zuwa Kanada kuma General Training. Sakamakon shekara biyu yake aiki, don haka wanda ya rubuta kafin ya haɗa sauran takardunsa yana iya biya sau biyu. Wanda ya yi a kwamfuta ya faɗi kashi ɗaya yana iya sake shi kaɗai cikin kwana 60, in wurin da zai kai sakamakon ya amince da hakan. Wasu jami'o'in Birtaniya ma suna karɓar C6 a Turancin WAEC a madadin IELTS, saboda haka a tura musu imel a samu amsa a rubuce kafin a cire ko kwabo.