Masu son koya wa matasan Kaduna tattali, wa zai biya ku?

Abin ya zama yayi a Kaduna. Duk taron da aka kira na matasa masu neman jari, sai wani ya miƙe da kwamfutarsa yana tallar manhajar da za ta koya wa 'yan uwansa matasa riƙon kuɗi. Hujjarsu ɗaya ce kullum: wai rashin iya tattali ne ya hana matasanmu ci gaba. Wannan magana ta ishe ni.

A duba abin da suke son koyarwa. Yawanci tsarin nan ne da aka kwaso daga Amurka: kashi 50 na albashi ga buƙatu, 30 ga sha'awa, 20 ga ajiya. An tsara shi ne don ma'aikacin da ya san ranar da albashinsa zai shigo. To yaron da ke jan Keke Napep tsakanin Kawo da Kasuwar Gumi, wanda sai ya cire balas ɗin mai keke da kuɗin mai kafin ya san ko akwai na cefane, wane kashi 20 zai ware? An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma kafin ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya jibge nairarsa a asusu a lokacin, yana ji yana gani darajarta ta zube. Wanda ya sayi tunkiya ya ɗaure a gida ya fi shi lissafi, kuma ba manhaja ce ta koya masa ba.

Ajiya ma ba baƙuwarmu ba ce. Matan Rigasa da maƙeran Panteka sun daɗe suna zubin adashi, kowa ya san ranar kwasarsa. Masu manhajar ba sa ko ambatonsa. Haka batun kuɗin ruwa, wanda ke sa matasa da dama ja da baya daga banki. Bankin Jaiz na aiki tun 2012, gwamnatin tarayya na sayar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 2017, amma darasin masu manhajar, da Turanci kuwa, yana nan kan yadda kuɗin ruwa ke hayayyafa.

Za a ce ai tsare-tsaren zuba jari na damfara irin su MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun isa shaida cewa jahilci ne matsalar, kamar dai babu masu digiri a cikin waɗanda aka damfara.

Babban abin da ke damuna shi ne inda ribar kamfanin za ta fito. Ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ke lallaɓa kuɗin data, ba zai biya kuɗin wata don a yi masa nasiha ba. Saura hanya ɗaya: la'ada. Manhajar ta tara lambobin matasa, ta san abin da ke shiga aljihunsu, sannan ta tura su wurin masu ba da bashin waya, irin waɗanda ke bin dangin mutum da saƙon tozarci idan ya makara. Malami ya koma dillali ke nan, ɗalibi kuma haja.

Mai son yin abin da gaske ya sauko kasuwa. Ya yi darasinsa da Hausa, da murya, ya fara da rubuta lissafin adashi da bashin kwastomomi. Masu zuba jari kuma, kafin su tafa wa kowa, su tambaye shi wanda zai biya shi, da abin da zai yi da bayanan yaran mutane.