Kafin a ce matar juya ce, a duba abin da ke cikin ɗakinta

Duk wanda ya taso a Gombe ya san abin da ke biyo baya idan amarya ta shekara uku ba ta yi ko ɓatan wata ba. Uwar miji za ta fara da habaici, ƙannen miji su karɓa, daga nan a shiga jiƙe-jiƙe da rubutu da hayaƙi. Idan kuma cikin yana shiga yana zubewa, sai a ce iska ce, ko sammu, ko kishiya ce ta ɗaure mata mahaifa. Haihuwa kyauta ce daga Allah, wannan babu musu. Amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma akwai sababin da mu da kanmu muke sayowa a kasuwa, mu shigo da shi har ƙuryar ɗaki, ba mu taɓa tuhumarsa ba.

Zan fara da kwalli, domin shi ne ya fi kusa da mu, shi ne kuma ya fi wuyar faɗa. Tun kafin ranar suna kaka ko ungozoma take rangaɗa wa jinjiri kwalli, wai don ido ya washe. Da ƙauna take yi, na sani, ni ma haka aka yi mini. Sai dai kwallin dutse mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, dutsen dalma ne. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun ga dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Da aka bi diddigi, sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Jariri ba ya barin idonsa ya huta: zai murza, ya kai hannu baki, ya tsotsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda take zama a jiki. Jiki yana ɗaukar ta tamkar sinadarin da yake gina ƙashi da shi, sai ya adana ta a ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Ranar da mace ta ɗauki ciki, jikinta yana tatso abin gina ƙashin ɗanta daga nata ƙashin, dalmar da ta kwanta tun tana budurwa ta biyo jini, ta ratsa mabiyiya, ta isa ga ɗan tayi. Daga nan ake samun ɓari, da bakwaini, da jaririn da bai kai nauyi ba. Wanda ya rayu kuma yana iya tasowa da rauni a ƙwaƙwalwa wanda babu maganin da ke mayar da shi. Yaron da muke zagi da daƙiƙanci a makarantar allo, wani lokacin tun a zanin goyo aka cuce shi.

Mun ji labarin Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinari mai ɗauke da dalma a tsakar gida. Mun ji na Shikira a jihar Neja a 2015. Muka yi jaje, muka ɗauka abin na can nesa ne. To, samarinmu ma suna tafiya haƙar ma'adinai a dazukan Toro da sauran wurare, su dawo gida da ƙura a tufafi. Mai fasa tsofaffin batiran mota, waɗanda su ma dalma ce a cikinsu, yana aikinsa a bakin layi, yara na wasa a gefensa.

A nan ne maganar maza ta shigo, kuma a nan nake so mu tsaya. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa a cikin ma'auratan da suka rasa haihuwa, kusan rabi akwai matsala ta ɓangaren namiji. Dalma tana rage ƙarfin maniyyi. A 1977 ma'aikatan wani kamfanin haɗa maganin ƙwari a jihar Kalifoniya sun lura, a cikin hirarsu ta yau da kullum, cewa matansu sun daina haihuwa. Da aka gwada su, sai aka ga maganin da suke haɗawa, mai suna DBCP, shi ne ya kashe musu ƙwayoyin haihuwa. Daga baya aka ga haka a tsakanin dubban leburorin gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa. Ba wannan maganin ake fesawa a gonakinmu ba, amma ya isa ya nuna cewa abin da namiji yake shaƙa a wurin aiki yana iya hana matarsa goyo.

Yanzu ka je fadamun Dadin Kowa lokacin noman rani ka ga yadda ake feshi. Saurayi da singileti, babu takunkumi, babu safar hannu, tankin da ke bayansa yana yoyo a gadon baya, wani ma da hannu yake gauraya maganin. Ya dawo gida, matarsa mai ciki ce za ta wanke kayan. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Idan shekaru suka tafi babu haihuwa, ita za a kai wa mai magani, shi kuma a ba shi shawarar ƙarin aure. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan ake yin sa ba.

Ban ga laifin manomi shi kaɗai ba. Kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfinsa, ciyawa ba ta jira, ƙwaro kuma yana iya mayar da buhun wake gari cikin 'yan watanni. Shi ya sa wasu 'yan kasuwar hatsi suke yayyafa Sniper a cikin wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin da ke cikin Sniper ya yi yawa a waken. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa muke dafa wa mai ciki don ya ƙara mata jini. Kuma sinadarin nan shi ne a cikin fiya-fiya da muke fesawa a ɗakin kwana, mu rufe ƙofa a kan mai jego da jaririnta, alhali gidan sauro yana naɗe a saman sif. Ga kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda yake kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba. Da gwamnatocin Gombe da Bauchi za su sauƙaƙa farashinsa a kasuwanni irin Tudun Hatsi da Muda Lawal, da an rage gubar da ke shiga tukunya.

Man bilicin ma yana cikin lissafi. Wasu daga cikinsu akwai zaiba, ita kuma tana ratsa mabiyiya, tana fita a nono. A garin Minamata na Japan, inda wani kamfani ya riƙa zubar da zaiba a teku, an ga uwaye da ba su nuna wata alamar ciwo ba sun haifi 'ya'ya masu nakasar ƙwaƙwalwa. Mazan da ke cewa sai farar mace, su ma su san suna da kamasho a cikin wannan.

Ba ina cewa kowane ɓari guba ce ta jawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro, da hawan jini, da ƙarancin jini, da nisan asibiti suna kashe mana jarirai da yawa. Amma waɗannan ana tambayarsu a wurin awo. Abin da nake roƙo shi ne a ƙara tambaya uku ko huɗu a katin awon ciki: me maigidanki yake yi, wa ke wanke kayan aikinsa, wane mai kike shafawa, wane kwalli kike sa wa yara. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini. Haka nan idan mace ta zo neman haihuwa, a ce mata, “Baiwar Allah, ki taho da maigida,” domin gwajin namiji ya fi sauƙi, ya fi araha.

Akwai kuma abin da ke tafe. A watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, muka yi murna. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa a Najeriya, idan mai ya malala a cikin tazarar kilomita 10 daga gidan mace kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririnta a watan farko yana ninkuwa biyu. Ya kamata 'yan majalisarmu na Alkaleri da Akko su nemi a auna ruwan rijiyoyi da burtsatsen ƙauyukan da ke kewaye da filin tun yanzu, a rubuta sakamakon, a ba wa dagatai da hakimai kwafinsa su ajiye.