Kulkin jifa da ke aljihun kowa a Fiji

Ina sabon zuwa Suba, babban birnin Fiji, wata mai sayar da rogo a kasuwa ta miƙo mini canji. A jikin ƙwandalar santi 10 na ga hoton wani guntun kulki mai ƙaton kai. Da na tambaya sai aka ce mini ula ke nan, makamin jifa na kakanninsu.

Ula bai kai kamu guda ba. Daga saiwar itace mai tauri ake sassaƙa shi, kututturen saiwar ya zama kai, siririn jikin ya zama mariƙi. Mayaƙi kan soke biyu ko uku a ƙugu. Idan aka yi arangama sai ya wurga, abokin gaba ya faɗi, sannan ya ƙarasa shi da babban kulki. Wanda ya taɓa bin mafarauta daji a ƙasarmu, ya ga yadda ake sheƙe zomo da sanda daga nesa, zai gane hikimar. Bambancin shi ne a Fiji kulkin da ya yi fice a fagen fama har suna ake raɗa masa, kamar mutum.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suka daina yaƙin amma ba su yar da kulkin ba. A 1874, da Sarki Cakobau ya miƙa ƙasar ga Ingila, ya aika wa Sarauniya Biktoriya da babban kulkinsa na yaƙi. A 1932 aka dawo da shi, ya zama sandar majalisar dokokinsu. A rawarsu ta gargajiya, meke, har gobe samari da kulake suke fitowa. Mu kuwa Turawa ne suka miƙa wa sarakunanmu sandar girma, ita muke riritawa, takubba da garkuwoyin kakanni kuma suna can zaure gara da tsatsa na cin su. Na san akwai kayan yaƙi a Gidan Makama na Kano, to amma gidaje nawa ne za su iya gaya maka wanda ya riƙe takobin da ke rataye a ɗakin tsohonsu, da yaƙin da ya je da shi?

Ba na cewa na Fiji sun tsira duka. Tun ƙarni na 19 matuƙan jiragen ruwa da 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka suka yi ta kwasar kulake. Wani Bature, Anatole von Hügel, wanda ya zauna a Fiji daga 1875 zuwa 1877, abin da ya tara yana gidan tarihin jami'ar Kambirij. Wasu kuma sun faɗa hannun dillalan kayan tarihi, ana gwanjonsu a Landan da Faris. A nan raina yake ɓaci. Takardar gwanjo za ta faɗi Baturen da ya fara mallakar ula da shekarar da ya kai shi Turai, amma da wuya ka ga sunan masassaƙin ko ƙauyen da aka sare itacen. An sayar da itace, an bar labarinsa a baya.

Kakana yana da gora mai ɗaurin fata da yake zuwa farauta da ita. Na kira ƙanena makon jiya na ce ya nemo ta, ya kuma je wurin Baffa ya zauna da takarda da biro, tun Baffa yana iya tuna wanda ya yi ta.