Lilon sama ga mai yawan tafiyar aiki

Masu ganin bidiyon lilon sama, wanda ake kira tirafiz, wato wasan da mutum ke lilo riƙe da sandar da aka rataya can sama, yawanci abu biyu suke tambaya: nawa ne ƙarfin da ake buƙata, kuma yaya ake yi da tsoro? A ganina duk biyun ba su ne ke kayar da sabon shiga ba. Abin da ke kayar da shi shi ne rashin jin kira a kan lokaci. Mai ƙirar ƙarfi da ke jinkirin rabin daƙiƙa zai sha wahalar da siririyar yarinya mai saurin jin magana ba za ta sha ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin raga yana kallon aji ya san haka.

Wasan ya samo asali ne daga Faransa. Jules Léotard ya koya a Tulus, inda ya rataya sanduna a saman tafkin ninƙaya na mahaifinsa don idan ya faɗo ruwa ya tare shi, ya kuma fara nuna shi ga jama'a a birnin Faris a watan Nuwamba na 1859. Matsattsiyar rigar da masu wasan motsa jiki ke sawa har yau sunansa take amsawa. Daga nan abin ya yi ta hauhawa, har Miguel Vazquez ya yi alkafura huɗu a iska a Tucson ta jihar Arizona a Amurka a 1982, ɗan'uwansa Juan ya cafe shi. Wannan na ƙwararru ne. Wanda ya ɗauki abin a matsayin abin sha'awa na ƙarshen mako, duniyarsa daban ce, domin yana da ɗamara da igiyoyi da raga.

Ga yadda wurin yake. Dandamalin da ake tsalle daga kansa yana sama da ƙasa da kusan mita 7, kuma siriri ne, bai fi a tsaya mutum uku ko huɗu ba. Raga tana shimfiɗe a ƙasan lilon gaba ɗaya, da ɓangaren da ya ɗaga a kowane ƙarshe. Ana ɗaura maka ɗamara a ƙugu, a matse ta har ka ji kamar an ƙware ka. Haka ake so, don sakakkiyar ɗamara tana zamewa ta haye haƙarƙari. Igiyoyi biyu ake maƙala mata, dama da hagu, su bi ta sama su sauko hannun malamin da ke ƙasa. Shi ne ke rage maka saurin faɗuwa, kuma shi ne ke kira. Aji yakan ɗauki awa biyu da ɗalibai kamar goma, don haka hawa biyar zuwa bakwai za ka samu, kowanne bai cika minti ɗaya ba. Lissafa ka gani: a awa biyun nan, zamanka a iska bai wuce 'yan mintuna ba. Shi ya sa ɓata hawa ɗaya da gardama ko ɗari-ɗari asara ce babba.

Tashin farko shi ne inda jiki ke yi wa mutum ƙarya. Za ka tsaya a bakin dandamali, yatsun ƙafa sun ɗan leƙa waje, hannun hagu riƙe da ƙarfen gefe, na dama a kan sanda, wani malami yana riƙe da ɗamararka ta baya. Sandar ta fi yadda ake zato nauyi, kuma janka take yi gaba. Abin da jiki zai ce maka shi ne ka turo ɗuwawu baya kamar mai shirin zama. To wannan ne kuskuren. Ƙugu gaba ake turawa, ƙirji a ɗage, kafaɗu baya, ka bar nauyinka a hannun wanda ke riƙe da kai. Wanda ya zauna baya, idan ya tashi sai ya faɗo ƙasa kai tsaye maimakon ya bi lilon, kafaɗunsa su sha fizga. A makarantu da yawa za ka ji an ce "listo", kalmar Sifaniyanci ce mai nufin an shirya, sai kiran lanƙwasa gwiwa, sai "hep". Da ka ji hep ɗan tsalle kaɗan za ka yi, ƙafafu a haɗe, hannaye a miƙe. Ba a lanƙwasa gwiwar hannu. Wanda ya yi ƙoƙarin ɗaga kansa da damtse zai gane kurensa a tsakiyar lilo, inda gudu ke sa nauyin da hannu ke ɗauka ya kai ninki biyu na nauyin jiki. Damtsen zai miƙe da ƙarfi ko yana so ko ba ya so.

Nan ne maganar kunne ta shigo. Lilo ɗaya, zuwa da dawowa, daƙiƙa huɗu ne da ɗan ɗoriya. A ƙarshen kowane gefe akwai wani ɗan lokaci da jiki ke zama kamar ba shi da nauyi, kafin ya juyo. Duk abin da ake yi a wasan nan a cikin wannan ɗan lokacin ake yin sa. Dabarar farko da ake koya wa kowa ita ce ratayuwa da gwiwa: a ƙarshen gaba ka naɗe ƙafafu ka zura su ƙarƙashin sanda tsakanin hannayenka ka maƙale ta da bayan gwiwa, a ƙarshen baya ka saki hannu ka gantsare kana kallon inda za ka. Idan ka ɗaga ƙafa a lokacin da aka kira, za su tashi kamar auduga. Ka yi jinkiri kaɗan, lilon ya fara saukowa, sai ka ji ƙafafun kamar an ɗaura musu buhun siminti, ka yi ta kokawa kana zargin cikinka da rashin ƙarfi, alhali ba laifinsa ba ne. Masu yawan tunani su suka fi shan wannan. Suna jin kira sai su tsaya tantance shi, kafin su gama lokacin ya wuce. Akwai kuma masu riga malam masallaci, su motsa kafin a kira don sun haddace jerin. Su ma wahalar ɗaya ce.

Saukowa raga da baya ake yi, rigingine, ko a zaune ƙafafu a gaba. Ba a dira da ƙafa, domin raga tana mayar da mutum sama, gwiwa ta haɗu da haɓa, ko yatsa ya shige ido ɗaya na ragar, idon sawu ya gurɗe. Ba a kuma tokarewa da hannu. Wannan darasi ya fi kowace dabara daraja, kuma makarantar da ke gaggawar wuce shi ban yarda da ita ba.

Sai cafewa, abin da ke kawo mutane. Mai cafewa yana rataye kai ƙasa a nasa lilon, ƙafafunsa naɗe da igiyoyi. Lilonsa ya fi naka gajarta, don haka saurinsu ba ɗaya ba ne, kuma shi ne ke auna lokacin da za ka tashi don ku haɗu a ƙololuwa. Ka makara a dandamali, kun saɓa ke nan, babu gyara a hanya. Riƙon a tsintsiyar hannu ake yin sa, ba tafi da tafi ba. Aikinka ka miƙa hannaye a tsaye, babban yatsa a ware daga sauran, ka bar shi ya kama ka. Mai wawuro yakan buge hannun mai cafewa ko ya kama yatsu, riƙon da ba ya ɗaukar nauyi.

Mutane da dama suna samun cafewa a ajinsu na farko, kuma ni a nan nake ganin tarkon yake. Sai mutum ya ɗauka abin sauƙi ne, ya shiga tara dabaru kamar mai tara hotuna. Gaskiyar aikin tana cikin koyon kaɗa lilon da jikinka: yaushe za ka shuro ƙafa gaba, yaushe za ka share su baya, yadda za ka miƙe a ƙarshen gaba don ka ƙara tsawo maimakon ka rasa shi. Wannan watanni yake ci, wasu shekaru, ba shi da daɗin kallo a bidiyo, amma ba a cire maka igiyoyi sai ya zauna. Littattafai da bidiyo suna taimakawa wajen sanin sunayen sassan lilon da dalilin kowane motsi, kuma karanta tarihin masu wasan yana cika dogon zama a jirgi. Sai dai akwai illa: wanda ya karanta da yawa yakan hau dandamali da gyara biyar a kansa. Jiki gyara ɗaya yake iya ɗauka a hawa ɗaya. Ka zaɓi wanda malam ya faɗa a hawan da ya wuce, sauran su jira.

Ga wanda aiki ke yawo da shi, matsalar ba mantuwa ba ce, domin jiki yana riƙe tsarin motsi fiye da yadda ake zato. Tafin hannu da kafaɗa su ne ke komawa baya. Kantar da sanda ta gina tana laushi cikin 'yan makonni, sai ka dawo da zumuɗi ka yi hawa bakwai, fata ta salɓe a gindin yatsu. Kanta mai tudu ma ita ce ta fi saurin yagewa, don sanda tana kama bakinta. A riƙa goge ta da dutsen goge ƙafa bayan wanka har ta yi daidai da sauran fata, a shafa mai da dare, ba kafin aji ba. Alli yana busar da gumi, amma idan ya yi yawa ƙara gogayya yake. In fata ta riga ta yage, a wanke, a yanke ragowar da almakashi mai tsabta, a rufe, a haƙura da sanda sai ta warke. Zobe kuwa a cire shi tun a ƙasa.

Kafaɗa ta fi tsada. Zaman jirgi da zaman taro a gaban kwamfuta suna dunƙule ta gaba, ga shi wasan yana so ta buɗe sama ɗauke da nauyi. Robar motsa jiki ba ta cin wuri a jaka: minti goma a ɗakin otal, sau uku a mako, ana juya hannu waje gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ana buɗe robar a gaban ƙirji. In akwai sandar ratayuwa a ɗakin motsa jiki, ratayuwa ta daƙiƙa 20 zuwa 30 sau uku, sannan jan kafaɗu ƙasa ba tare da lanƙwasa hannu ba sau takwas zuwa goma. A ƙasa kuma, kwanciya rigingine, gadon baya manne da daɓe, ƙafafu da kafaɗu a ɗan ɗage na daƙiƙa 20. Ciwon tsoka na kwana biyu bayan aji ba komai ba ne. Ciwo mai tsini a cikin gaɓar, ko wanda ke tashin mutum daga barci, na likita ne. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ko mai ciwon baya ko zuciya, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ya nemi izinin likita tukuna. Mai juna biyu ta dakata.

Shiga aji a garin da aiki ya kai ka abu ne mai kyau, da sharuɗɗa. Kada ka sa shi a ranar da ka sauka daga doguwar tafiya, domin rashin barci jinkirin nan na rabin daƙiƙa yake haifarwa. Ka tambaya tun da wuri ko wurin a fili yake, don ruwa da iska da sanyin hunturu suna rufe irin waɗannan, kuma yawancin makarantu suna da iyakar nauyin jiki da suke karɓa. Tsawon igiyoyi da tsayin dandamali da taurin raga suna ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, kalmomin kira ma haka, shi ya sa hawan farko a baƙon wuri ya kamata ya zama lilo zalla da saukowa, ko da ka iya abin da ya fi haka. Ka faɗa wa malamin yaushe rabonka da sanda, wace dabara kake kai, kuma ko da igiya kake yin ta. In ya ce ka koma ratayuwa da gwiwa ya ga tashinka tukuna, ka koma; shi ne zai riƙe igiyar, kuma bai taɓa ganin yadda kake faɗowa ba.