Ka shiga jami'ar intanet amma fasuwod ɗinka yana hannun mai kafe

Satin nan sau uku ina cin karo da talla iri ɗaya a status ɗin WhatsApp, wai muna yin rijista, muna yin TMA (aikin gida da ake ba ɗalibi maki a kai), har furojet muna rubutawa, kai dai turo lambar ɗalibi da fasuwod ka je ka kwanta. Ga hoton hular digiri ga lambar waya ɓaro-ɓaro, ko kunya babu. Da an buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai a jami'o'in karatu daga nesa haka suke fitowa kamar kwaɗi a damina, kuma wallahi suna ciniki.

Ban ɗauki abin da zafi ba sai da ya shigo gidanmu. Ɗan yayata ya samu gurbi a wata jami'a irin wannan, ranar farko ya ɗauki sakamakon NECO ɗinsa a leda ya nufi wani kafe a bakin kasuwa, mai kafen ya buɗe masa sabon imel, ya zaɓa masa fasuwod, ya ciro masa lambar Remita ta biyan kuɗin makaranta, ya cike masa kwasa-kwasan da zai ɗauka, ya buga takarda ya miƙa masa, yaro ya dawo gida yana washe baki wai ya zama ɗan jami'a. Bayan wata biyu na ce kai zo buɗe min fotal ɗinka, wato shafinka na makaranta a intanet, in ga me kuke karantawa. Sai ya hau sosa ƙeya, "Kawu ai wajen Oga yake, shi ya san fasuwod ɗin." Imel ɗin ma bai san shi ba, duk saƙon da makaranta ta turo can wajen Oga yake sauka, kuma Oga har ya yi masa aiki biyu ya karɓi kuɗinsa, shi ko shafi ɗaya bai buɗe ba.

Mutanenmu sun ɗauka karatun intanet gajeriyar hanya ce ta samun kwali ba tare da gumi ba, alhali ya fi na aji wuya tunda babu malamin da zai kira suna, babu abokin da zai buga maka ƙofa ya ce tashi lakca ta yi. Satin farko shi ne komai, nan ne kake koyon shiga fotal, ka san inda littattafai suke, ka san ranar da ake rufe aiki. To wanda ya sayar da wannan satin ya sayar da semistar gaba ɗaya. Ko lissafi ma bai goyi bayansu ba. A NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta gwamnatin tarayya, alal misali TMA maki 30 ne, sauran 70 jarrabawa ce da za ka je cibiyar karatu da ƙafarka ka zauna, 'yan ƙananan aji a gaban kwamfuta, manya da biro da takarda. Ranar nan ina Oga zai zauna?

Abin takaicin ma ba a banza aka samu wannan ƙofa ba. Zamanin Shagari aka kafa NOUN a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, sai 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita, kuma shi kansa da ya sauka daga mulki ya yi ta karatu a cikinta har digirin digirgir. Ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Fursunoni a Kuje da Kirikiri ma suna karatu a cikinta. ABU tana da tata cibiyar karatu daga nesa a Zariya, ga masu zaman kansu irin Miva da suka fito a 2023. Matar aure mai goyo, ɗan sanda da ake ta yi wa canjin wurin aiki, yaron shago a Kantin Kwari, duk an ce ga dama, kuma wanda ya tuna wata takwas ɗin da ASUU ta rufe jami'o'i a 2022 ya san darajar makarantar da ba ta rufuwa. Shi ne mu kuma muka mai da ita hajar kasuwa.

Masu cewa ai dama digirin waya ne ba karatu ba, su bar mu mu huta, digirin Kwatano ta ƙasar Benin da ɗan jarida Umar Audu ya sayo cikin sati shida don tona asirin masu sayarwa ba daga jami'ar intanet ya fito ba. Amma ku tuna abin da ya biyo baya, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, mai gaskiya da marar gaskiya duk aka yi musu kuɗin goro. Irin wannan tabon nake jiye wa baiwar Allah da take tashi ƙarfe huɗu na asuba ta yi karatunta kafin yara su farka.

Sai masu kukan data da wuta. Eh gaskiya ne hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data a farkon 2025 kuma kowa ya ji a jikinsa, amma littafin kwas sau ɗaya ake sauke shi ya zauna a waya, kuma wayar da ta kwana a TikTok haba don Allah kar a ce min ita ce ba za ta buɗe PDF ba. Kuɗin da ake zuba wa mai kafe ai ya isa datar wata.

Makarantun nan ya kamata su tilasta wa sabon ɗalibi ya zo da kansa ya shiga fotal a gaban ma'aikaci kafin a ba shi katin shaida, su kuma sa ido kan shagon da ɗalibai hamsin ke turo aiki daga kwamfuta ɗaya. Iyaye kuma ku daina tambayar an gama rijista, ku ce buɗe mu gani.

Ni dai tisa ƙeyar ɗan yayar tawa na yi har kafen, Oga ya karanto mana fasuwod yana ɓata rai, muka canza shi a nan take a tsaye. Da muka dawo gida ya buɗe littafin kwas ɗin farko ya leƙa ƙarshensa ya ga yawan shafukan, ya ɗago ya ce Kawu duk wannan? Lokacin saura sati uku jarrabawa.