Kara ɗaya ma zuciya ba ta yafewa

In ka zauna wajen mai shayi a Kawo ko Tudun Wada bayan isha'i za ka ji wannan maganar, wai "ni ai ba mashayi ba ne, kara ɗaya ko biyu nake busawa a rana." Toh wallahi wannan lissafin shi ke ba ni tsoro, domin mutanenmu sun ɗauka taba huhu kawai take ci, in dai ba ka tari shikenan lafiyarka ƙalau. Alhali zuciya da jijiyoyin jini su ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu tun kafin tarin ya zo.

Kana zuƙa, nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba, zai sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Sannan a cikin hayaƙin akwai irin iskar nan mai guba da ke fita daga janareta, wadda muke jin ta kashe iyali guda a ɗaki cikin dare, ita ce ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, kenan zuciya na aiki ninki amma abincinta ya ragu. A hankali bangon jijiyar na lalacewa, kitse na taruwa, jinin kuma ya yi saurin daskarewa, ranar da gudan jini ya toshe hanyar zuciya sai bugun zuciya, in ta ƙwaƙwalwa ya toshe sai shanyewar ɓarin jiki, mu kuma mu ce iska ce ko jifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.9 ke mutuwa duk shekara da ciwon zuciyar da taba ta jawo.

Kuma batun kara ɗayan nan, wani babban nazari da aka fitar a Ingila a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Rabi fa! Ga matarsa da yaransa da ke shaƙa a ɗaki ba su ji ba su gani ba. Shishar da samari da 'yan mata ke yayi ita ma hayaƙi ne har da na gawayi, ruwan ba ya kawar da gubar.

Daɗin abin, wanda ya daina, cikin shekara ɗaya haɗarin nasa na raguwa da kusan rabi.

Abin da ke min ciwo shi ne tun 2015 Najeriya ke da dokar da ta hana sayar da taba kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma yau ka aiki yaro ɗan firamare wajen mai tireda a Rigasa da canji a hannu, zai dawo maka da ita babu wanda ya tambaye shi. Dan Allah gwamnatin Kaduna ta fara daga kan teburan nan na bakin tasha da ƙofar makarantu.